Mayafan da Ake Bari a Rumfar Inno

A bakin unguwar Kilomita Biyar, inda hanya ke karkata ta nufi unguwar Miskine, akwai wata rumfar kwano. A nan wata dattijuwa da kowa ke kira Inno take toya makala, fanken mutanen Bangui. Ba mai yawan magana ba ce. Wanda bai san ta ba sai ya ɗauka tun da aka haife ta gaban kasko take.

Alhali kuwa Inno ta yi lise, babbar sakandaren gwamnati da ke can bayan Miskine. Mahaifinta mutumin Damagaram ne mai fataucin fata, mahaifiyarta 'yar ƙasa ce. Shi ya kai ta da hannunsa, duk da surutun abokan kasuwarsa. A lokacin makarantar na da ƙuruciyarta. Akwai ɗakin gwaje-gwaje mai famfuna, da ɗakin littattafai, da filin ƙwallo, ga mangwarori jere har bakin ƙofa. A jikin ɗaya daga cikinsu aka rataye ƙarfen tayar babbar mota, shi ne ƙararrawa. Inno ta zauna benci ɗaya da 'ya'yan Kirista, suna raba rake, ba wanda ya damu da unguwar da wani ya fito. Saura mata aji ɗaya ta gama sai aka rufe makarantu wata shekara. Kafin a buɗe, an ɗaura mata aure. Ba ta taɓa cewa an cuce ta ba. Sai dai in yara na haddar darasi kusa da ita, akan ga leɓenta na motsi.

Shekarar rikicin Musulmi da Kirista ta zo ta same ta da ɗa guda, Muktar. Wata safiya ya fita sayo mata gawayi a wajen unguwa. Har yau gawayin bai zo ba, shi ma bai dawo ba. Ya bar mata 'yarsa Hauwa'u, wadda a lokacin ko famfara ba ta yi ba.

An daɗe yaran unguwar ba su leƙa lise ba. Da ƙura ta fara lafawa, iyaye suka soma sakin su kaɗan-kaɗan, zuciya a hannu. Inno ce ta kawo dabarar. Duk yarinyar da za ta tsallaka zuwa makaranta sai ta biyo ta rumfarta, ta cire mayafinta ta bari, ta wuce da kayan makaranta kawai kamar kowace ɗaliba, don kada a gane Musulma ce a hanya. In an taso ta dawo ta ɗauka. Inno ta san na kowa, ba ta taɓa haɗa na wata da na wata ba. Wasu iyayen ba su so ba, amma sun fi son 'ya'yansu su dawo. Shekaru suka shuɗe, harbe-harbe suka yi sauƙi, kasuwa ta cika, amma al'adar ba ta tashi ba. Yaran da suka taso daga baya ma sun ɗauka dokar makaranta ce.

Bara Hauwa'u ta shiga lise. Shekara guda tana bin tsarin kakarta ba musu. Ranar wata Litinin, bayan an koma hutu, ta zo ta tsaya gaban kasko da farin mayafi, ta ɗauki makala biyu, ta juya.

"Ke, kin manta wani abu," in ji Inno.

"Ban manta ba, tsohuwa. Da shi zan je."

"Da shi za ki je ina? Gidan biki?"

"Inno, kowa fa a ajinmu ya san daga Kilomita Biyar nake. Da azumi wa suka ga yana cin makala? Ƙawata Nadège ma har tsokanata take yi, wai ina kamar mai kai biyu, ɗaya na gida, ɗaya na makaranta."

"Nadège ce za ta raka ki hanya?"

"To, sai yaushe ke nan? Sai na tsufa kamar ke?"

"Allah ya sa ki tsufa kamar ni," in ji Inno a hankali. "Abin da nake nema ke nan."

Hannun yarinyar bai kai ga mayafin ba. Suka daɗe a haka, ɗaya na juya makala, ɗaya na tsaye, har sauran 'yan mata suka ajiye nasu suka wuce. Daga ƙarshe Hauwa'u ta ce, "Na tafi, ki yi mini addu'a," ta kama hanya.

Inno ta sauke kaskon, ta ce wa maƙwabciyarta mai sayar da gyaɗa ta sa mata ido. Ta bi bayan jikarta daga nesa. Tun ranar da Muktar ya fita, ƙafarta ba ta taka wannan hanyar ba.

Ta ga kangayen gidaje da ciyawa ta cinye, ta kawar da kai. Idonta na kan farin mayafin nan. Wasu 'yan acaɓa na zaune gindin bishiya, ɗayansu ya bi yarinyar da kallo, ya faɗi wata magana da Sango, harshen ƙasar. Inno ba ta ji duka ba, amma abin da ta ji ya ishe ta. Ta ƙara sauri. Na kusa da shi ya buge masa kafaɗa, suka koma hirarsu. Hauwa'u ko waiwaye ba ta yi ba.

Kafin su isa an riga an buga ƙarfe. Inno ta tsaya jikin katanga, inda bulo ya zube, tana leƙe. Makarantar ta tsufa fiye da ita. Tagogin ɗakin gwaje-gwaje babu gilashi, an mai da shi aji. Ɗalibai sun yi yawa har an raba su 'yan safe da 'yan yamma, duk da haka ta hango wasu a zaune kan bulo a bayan aji, littafi a cinya. Amma muryar malami na fita, alli na ƙara a jikin allo, kamar dā.

A bakin ƙofa malamin ladabi ya tare waɗanda suka makara, da bulalar roba a hannunsa. Da layi ya zo kan Hauwa'u sai ya tsaya ya dube ta sama da ƙasa. Inno ta dafa katanga.

"Tura gefen wannan cikin wuyan riga, ina son ganin tambarin makaranta," ya ce da Faransanci. "Kuma ƙarfe nawa yanzu, madmazel? Ubanki ne ya gina lise? Ɗauki tsintsiya!"

Aka haɗa ta da sauran makararru, maza da mata, aka ba su sharar ganyen mangwaro. Wani dogon yaro ya tura mata tarin ganyensa, ta mayar masa da ƙafa, suka hau cacar baki har malamin ya daka musu tsawa su duka. Inno ta tsaya tana kallon yadda ake hukunta jikarta kamar kowa. Ta san ita ta jawo mata lattin. Ba ta san ko gobe mutumin gindin bishiyar nan zai sami mai buge masa kafaɗa ba. Amma numfashinta ya dawo daidai.

Can Hauwa'u ta hango ta. Ta matso da sharar har jikin katanga, ba ta ɗago kai ba.

"Inno, don Allah ki tafi gida. Yarinya ce ni? Za su yi mini dariya."

"Ki share can kusurwar, kin bar ganye," in ji Inno.

Ta ɗan ƙara tsayawa. Sannan ta juya, ta kama hanyar gida ita kaɗai, a hankali.