Zaren Mushe Sanusi

Ina buro, wato ofis, a Dakar, gab da azahar, ƙanena ya kira ni daga Gidan Sori. "Yaya, Mushe Sanusi ya cika. Bisa amalanke, ko bakin kwalta ba mu kai ba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin in gama tambayar jirgin Yamai, an riga an kai shi makwancinsa.

Mushe Sanusi ne ya koyar da mu a lakol, makarantar boko inda ake ce wa malami Mushe, shi ya fara buɗe mana taswirar duniya. Ba shi da abin awo sai zaren ɗinkin matarsa, Inna Hajo. Yakan ɗora bakin zaren a kan Yamai, ya ja shi har Jidda ko Dakar, ya ce, "Ga hanyar jirgin sama nan, miƙe take. Amma ku kiyaye, zare bai san rami ba, bai san laka ba." Mukan yi dariya, don mai faɗin haka ko filin jirgi bai taɓa gani ba. Da damina kuwa, in ƙorama ta kawo, shi ke naɗe wando ya ƙetare da mu ɗaya bayan ɗaya.

Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba. Mu nawa ya yaye? Akwai likita a cikinmu, akwai masu manyan kujeru da ke hawa jirgi kamar zuwa kasuwa. Duk mun san hanyar garinmu takan yanke kowace damina, ba wanda ya taɓa ɗaga murya. Mutumin da ya auna mana tsakanin ƙasashe ya rasu an kasa kai shi asibitin Maraɗi, shanu suna fama da laka. Rai na Allah ne, amma sakacin namu ne.

Ni ma na fi kowa laifi. Wata uku ana gaya mini yana kwance, ina cewa ai Dakar da Yamai 'yan awoyi ne, bari in sami hutu. Da na taso, jirgin bai ci wuni ba, amma sai ranar addu'ar uku na iso gida.

Bayan na yi gaisuwa, Inna Hajo ta miƙo mini wani zare mai ƙulli biyu. "Ran da kat tahi ya auna wanga bisa taswira, daga nan hal Dakar, ya rataye ga ƙusa," in ji ta. "In an ce ka yi nisa, sai ya ce, ku diba, ina nisan? Ɗana yana tahe."

Zaren bai kai tsawon tafin hannuna ba.

Allah Ya jiƙan Mushe Sanusi, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Inna Hajo da 'ya'yansa haƙurin wannan rashi. Mu kuma da muka bar shi yana jira, Allah Ya yafe mana.