Katin da Kika Bayar Aro

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, tara ga watan Satumba, ina zura zare a keken ɗinki, babban ɗanki ya kira ni ya ce rai ya yi halinsa.

Yaya, ba ciki ɗaya muka fito ba, amma duk shagon ɗinkinmu haka muke kiranki, har mai shagon. Ke ce mai yanka, mu masu haɗawa. Da na haihu, ke kika riƙa ɗinke rabona bayan an tashi, ki ce wa mai shago ni na aiko da shi daga gida. In wata ta kwanta ciwo, ke ce mai raka ta asibiti, ki kama mata layi, kina yi mata tsiya wai mace ba ta da izinin ciwo sai ta gama wanke-wanke.

A cikinmu ke kaɗai ke da katin inshorar lafiya, albarkacin maigidanki da ke tuƙi a wani kamfani. Muna tsokanarki da matar manya, ke kuma ki ce, "Katin nasa ne, ni rataye ni aka yi a jiki." Sau ɗaya aka gayyace mu taron gyaran harkar lafiya. Maza ne reras a kan babban tebur. Kika miƙe kika ce a ba kowace mace katinta na kanta, ko da miji ko babu. Aka tafa miki, aka ɗauki hoto, aka raba mana ruwan gora muka dawo bakin kekunanmu.

Sai maƙwabciyarki, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ta kamu da zubar jini. Likita ya ce sai an cire mahaifa, ita kuwa ko kuɗin mota ba ta da shi. Kika ɗauko katinki kika damƙa mata. Na ja ki gefe na ce ki yi tunani. Kika ce, "Ƙanwata, hoton katin ya dushe. Kuma wa ya taɓa ɗaga kai ya kalli fuskar mace a layin asibiti?" Gaskiyarki, ba wanda ya kalla. Aka yi mata aiki da sunanki, ta tashi garau, ga ta nan tana riƙe da 'ya'yanta.

Bara irin ciwon ya zo kanki. Ni na raka ki ofishin inshora neman izinin tiyata. Ma'aikacin ya duba kwamfuta ya ce, "Baiwar Allah, ai an riga an cire miki mahaifa. Ba ma biyan aiki ɗaya sau biyu." Dariya kika yi.

Gaba kura, baya siyaki. In kin faɗi gaskiya, a kori maigida daga aiki, a kama maƙwabciya, a soke katin gidan gaba ɗaya, alhali autarki mai sikila da shi take karɓar magani. Kika zaɓi ki yi shiru, kika sa mu ma muka yi. Muka shiga karo-karo, mai shago ya sa nasa, maigida ya sayar da abin da zai sayu. Kafin kuɗin su haɗu ciwon ya bazu, likita ya ce a mai da ke gida.

Raina a ɓace yake, Yaya, kuma na rasa wanda zan kama. Ma'aikacin dokarsa ya bi. Maƙwabciya ranta ta nema. Har yau rediyo na cewa gyara na nan tafe, mu dai mun gaji da ji.

Shekaranjiya, a wurin zaman makoki, mai sharar shagonmu ta durƙusa gaban maigidanki. Ta daɗe tana ɓoye wani ƙullutu a nono. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Baba, an sanar da kamfani rasuwar tukuna?" Ya tashi ya shiga ɗaki ya fito mata da katin. Ina zaune ina kallo, ban hana ba, don ba ni da wata hanyar da zan nuna mata. Yau da safe an kira sunanki a layin asibiti, wata ta amsa.

Allah Ya jiƙanki, Yaya, Ya yafe miki, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara, Ya haskaka makwancinki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki da 'ya'yanki da abokan aikinmu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, Ya raya autarki, Ya rufa asirin wadda ke kwance yanzu da sunanki.