Direban Kwaɗo

Yau ce ranar sallamar tsofaffin 'yan tsana a haikalin unguwarsu a Shizuoka. Akan yi musu addu'a, a ƙone su, don abin da ke da fuska ba a jefa shi a shara. Fumie ce ke karɓa a tebur.

Ga wani tsoho a layi, kwat ta yi masa yawa, farata duk fenti, yana rungume da kwali kamar jariri. Da layi ya zo kansa, ya shiga fito da motocin wasa masu rimot, yana gabatar da su ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan Kwaɗo, saboda tsallensa. Wannan Zanzaro, in kin ji ƙararsa ba shi hanya. Tankar nan kuwa Damisa."

Fumie na kallon takardar gidan tsofaffi da ta leƙo daga aljihunsa. Ta san irin ɗakunan: gado ɗaya, kabad ɗaya. Wataƙila ɗan cikinsa ne ya miƙa masa kwalin, ya ce kafin Lahadi.

"Baba, yi haƙuri, masu fuska kawai muke karɓa. Amma ga ɗan direban nan a ciki, ciro mana shi."

Na bayansa sun fara duba agogo. Tsohon ya leƙa cikin Kwaɗo, ya dubi ɗan mutumin robar da ya shekara arba'in riƙe da sitiyari. Ya yi 'yar dariya marar daɗi, ya mayar da motar cikin kwali.

"Haba 'yata. Ai shi direban ko suna ba shi da shi."