Inda Allura Ta Taɓa Alli

Mahaifinmu tela ne, kuma suna biyu gare shi a layinmu. Masu kawo ɗinki suna ce masa Baba Tela. Maƙwabta kuwa, da zarar ya ba da baya, Rabin Tanki suke ce masa. Ya san da sunan sarai, bai dai taɓa nuna ya sani ba.

Shagonsa ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Keken ɗinki biyu, teburin yanka da almakashi ya cinye gefensa, madubi mai tsaga a kusurwa, sai gwangwanin madara cike da guntayen alli, irin wanda tela ke zana yadi da shi kafin ya yanka. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: tun da ya fara riƙe almakashi bai taɓa ce wa mai kaya "je ka ƙaro yadi" ba. Abin da ka kawo shi zai auna, kuma shi zai ishe ka. In ka kawo kaɗan, rigarka za ta fito da gajeren hannu, amma dai riga ce za ka saka.

Da wannan aƙidar ya sayi mota. Tsohuwa ce koriya, ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa sai daga waje, kuma ko da yaushe cikinta warin fetur yake, kamar ta yi wanka da shi. Ni da Yayana muka sa mata suna Kunkuru. Baba ya ce shi bai sayi mota don zuwa shago ba, ƙafarsa lafiya lau. Ya saye ta ne don ran Asabar ya fitar da iyalinsa daga hayaƙin birni su sha iska, tunda a cewarsa iska ce kaɗai ba a sa mata farashi ba tukuna.

Ga yadda ake yi. Da safe zai je gidan mai da abin da mako ya rage masa a aljihu, komai ƙanƙantarsa. Ya dawo ƙofar gida, ya gyara tabarau, ya zaro alli daga bayan kunne, ya duƙa a kan gejin mai. Da tef ɗin awon da ke rataye a wuyansa zai auna daga inda allurar gejin ta tsaya zuwa inda mai ke ƙarewa, ya raba biyu, ya ja siririn layi a kan gilashin.

"Rabi na tafiya, rabi na dawowa," in ji shi. "Ku shiga."

Mama ta shigo da fulas ɗin shayi, burodi, dafaffen ƙwai da tabarma. Sai mu ɗauki hanya, kowace hanya Baba ya ga dama. Ba a tambayar ina za mu, don shi ma bai sani ba. Duk inda allura ta taɓa alli, nan zai sa sigina, ya gangara gefen titi, ya kashe mota, ya ce, "Mun iso."

Kada ka tambaye ni wuraren da muka iso. Mun taɓa yini cur a gaban masana'antar bulo, Baba yana yi mana bayanin injin kamar shi ya ƙera shi. Mun taɓa shimfiɗa tabarma a filin ƙwallon wata firamare, har maigadi ya ruga ya kira hedimasta, wai masu duba makarantu sun zo da iyalansu. Hedimastan ya zo a firgice da rigar gida, ya tafi da ƙwai biyu. Wata Asabar kuma allura ta taɓa alli daidai katangar gonar kaji. Yaya ya toshe hanci ya ce, "Baba, don Allah mu ɗan matsa gaba, ko zuwa waccan bishiyar."

"Alli ba ya jin wari," in ji Baba. "Miƙo min shayi."

Tsayawa a gidan mai a kan hanya kuwa, wannan a wurinsa shi ne ƙaro yadi, abin kunya ga mutumin da ya iya awo. Jarka ma haka. Ranar da Yaya ya kawo shawarar a riƙa ajiye 'yar jarka a but ɗin mota, Baba ya dube shi tun daga sama har ƙasa, ya tambayi Mama ko ta tabbata a asibiti ba a musanya mata jariri ba.

Ina budurwa abin nan yana ba ni haushi ba kaɗan ba. Ran Litinin 'yan ajinmu kowa na faɗin sunan wurin shaƙatawar da aka kai shi, ni in aka tambaye ni sai in ce, "Bakin titi." Amma alli ba kullum yake cutarmu ba. Ya taɓa ajiye mu a gindin wasu duwatsu masu inuwa, inda ba ka jin komai sai tsuntsaye, Mama ta yi barci a kan tabarma har da minshari, Baba yana kore mata ƙuda da hularsa. Yanzu da na girma ina faɗa ba tare da jin nauyi ba: ban taɓa jin daɗi irin na waɗannan Asabar ɗin ba, har da ta gonar kajin.

Mama ce kawai ke da wurin zuwa a ranta. A tsakiyar birni aka haife ta, ruwa mafi girma da ta taɓa gani shi ne wanda ke taruwa a layinmu in kwata ta toshe. Wata shekara mai fenti ya ba Baba kalanda, a jikinta akwai hoton wani babban tafki da kwalekwale a bakinsa, ya ce ai ba shi da nisa, yini ɗaya a je a dawo. Shekara ta ƙare, Mama ta yanke hoton ta liƙa a jikin firij.

"Malam, yaushe za ka kai ni ruwan nan?"

"Zan kai ki, Maman yara. Ni da kaina, a motata. Ranar da mai ya kai."

Mai bai taɓa kaiwa ba. Kullum akwai takalmin makaranta, ko haya, ko Kunkuru ta buƙaci taya. Sau ɗaya muka kusa. An yi makon ɗinki mai albarka, muka ɗauki hanyar tafkin, muka wuce gonar kaji, muka haye wata gada mai ƙara, har muka fara cin karo da masu babur ɗauke da kwandunan kifi. Iska ta canza, ta yi sanyi. Mama ta gyara ɗaurin ɗankwali. Daidai wani wuri da aka jera tudun rage gudu a titi, kusa da eriyar waya, sai muka ji sigina tana ƙyas ƙyas.

"Malam, kada ka yi min haka."

"Ba ni ba ne, alli ne."

Ranar Mama ba ta fito daga mota ba. Ta taga ta miƙo mana fulas, kuma shayin Baba babu sukari.

Idon Baba a hankali ya tafi. Da farko zare ne ya daina shiga allurar keke sai ya kira mai gyaran waya. Daga nan ya gaishe da tukunyar gas a ƙofar maƙwabci, har yana tambayar ta ya yara. Muka yi dariya, shi ma ya yi, amma da muka je asibiti likita bai yi ba. Ya ce tuƙi ya ƙare. Yaya, wanda yanzu yake da gidansa da motarsa mai sanyi, ya samo wani bakanike da zai sayi Kunkuru ya farfasa ta ya sayar da kayan. Aka tsayar da magana zai zo ya ja ta bayan ƙarshen mako.

Yaya ya ce wa Mama, "In tafkin ne, ki shirya gobe in kai ki, har da kwana in kina so."

"Na gode, ɗana. Ruwa ai ko a talabijin ina gani. Ubanku ne ya ce zai kai ni, shi da kansa, a motarsa. In motar ta tafi, maganar ta tafi."

Ta faɗa tana goge firij, tana zagaye hoton da tsumma. Na ji tausayinta ƙwarai, na kuma ji haushin Baba da taurin kansa, har na kasa cin abinci.

Asabar ta ƙarshe Baba ya ce a fita, ni zan tuƙa, shi zai zauna a gaba. Na kai shi gidan mai, ya sa abin da ya saba sawa, ko ɗigo bai ƙara ba. A ƙofar gida ya duƙa kan geji, na ɗora masa yatsa a inda allura take, ya lalubi tef ɗinsa, ya ja layi. Ina gani na san ko gadar ba za mu kai ba. Ya ce, "Hanyar tafki za mu bi, ko iskarsa uwarku ta sha," ya shiga gida ɗauko hula.

Yana shigewa Mama ta zagayo kamar ɓarauniya. Ta lashi gefen gyalenta, ta goge layin tas, ta zaro guntun alli daga jaka, ta ja sabo can ƙasa, daidai inda mai ke ƙarewa.

"Mama! To yaya za mu dawo?"

"Ke dai kai ni. Dawowa matsalar masu dawowa ce."

Yaya ya kama baki. Baba ya fito, ya shiga, ya shafa sitiyari, ya shafa gilashin gejin kamar mai sallama da shi, ya ce mu tafi.

Muna fita daga cunkoson birni ya fara tambaya. "Ina allura?"

"Ba ta taɓa alli ba, Baba."

Warin gonar kaji ya shigo, ya gyaɗa kai kamar ya haɗu da tsohon aboki. Gada ta yi ƙararta a ƙarƙashinmu. "Ina allura?" "Da saura, Baba." Na ƙura wa titi ido, don ni tunda nake ban iya yi wa mutumin nan wayo ba. Da muka hau tudun rage gudun nan, Kunkuru tana tsalle, kayan shayi suna kaɗawa, sai ya juya fuskarsa wajen taga. Ƙarnin kifi ya wuce mu a kan babur.

"Ikon Allah," in ji shi. "Kunkuru ta rage shan mai da ta tsufa."

Yaya ya fashe da tari a baya, Mama ta mintsine shi.

Fitilar mai ta kunna, na yi kamar ban gani ba. A kan wata gangara Kunkuru ta yi tari sau biyu, ta mutu murus. Na sake mata birki, ta gangara da kanta a hankali, babu ƙarar inji, sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya, har ta tsaya a kan yashi. Ga ruwa a gabanmu, iya ganinka.

Yaya ya buɗe wa Mama ƙofar hagu daga waje. Ta fito. Ta cire takalma ta riƙe a hannu, ta taka har ruwan ya rufe mata idon sawu, ta tsaya. Matar da ba ta iya minti ɗaya ba ta ba wani umarni ba, ta daɗe a tsaye kamar an dasa ta. Baba ya jingina da gaban mota, ya kare fuska da hannu. Na san haske kawai yake gani.

Can ta dawo, gefen zaninta a jiƙe, ta tsaya gabansa tana murza gyale.

"Malam, ni na goge layinka. Mai ya ƙare ƙaf. Kada ka yi wa yarinyar nan faɗa."

"Na sani tun a ƙofar gida," in ji Baba. "Da na shafa gilashin na ji. Layina siriri ne. Ke kin danne allin kamar mai rubutu a bango." Ya juya wajen Yaya. "Kai, buɗe but, ɗaga tabarmar ƙasa."

Yaya ya ɗaga. Jarka ce, babba, cike da fetur, an naɗe ta da tsohon yadi an ɗinke bakin naɗin tsaf. Ashe mai fenti Baba ya aika ya sayo masa tun tsakiyar mako, kuma wa zai ji warin fetur a cikin Kunkuru ya yi mamaki?

"Baba!" in ji Yaya. "Ashe dai ana ƙaro yadi?"

"Rufe min baki, wanda aka musanya. Tela mai hankali yana ɓoye ɗan yadi a cikin ɗinki saboda ranar da mai riga zai yi ƙiba. Da uwarku ta yi haƙuri, da allura na taɓa alli zan ce ku wuce."

Mama ta kai masa duka da gyale, tana dariya, hawaye na zuba. Ya kama gefen gyalen bai saki ba.

"Maman yara, gaya min. Kamar na jikin firij yake?"

"Ya fi. Na firij ba ya motsi."

"Faɗinsa fa?"

Ta dubi tef ɗin da ke wuyansa. "Wannan abin naka ba zai kai ba."

Ya yi dariya. Ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu. "Na makara," in ji shi. "Da na kawo ki tun ina gani, da mun kalla tare."

"Ka dai kawo ni," in ji Mama. "Cire takalmi."

Ta riƙe hannunsa, ta ja shi zuwa bakin ruwan, tana gaya masa inda dutse yake da inda zai taka. Ni da Yaya muka shimfiɗa tabarma, na zuba shayi, na sa wa na Baba sukari.