Shatin Ƙaho a Bambar Mota

Ni ɗan Batsari ne, ɗan manoma, kuma Allah ya ba ni hannu a gyaran jikin mota. Kawuna ne ya koya min. In bambar roba ta karce, a wanke, a goge da samfefa, a shafa fila, wato maƙulashin cike rami, mai laushi wadda ke lanƙwasa tare da robar, ta bushe, sannan fenti. Kullum yana ja min kunne cewa filar ƙarfe ba ta zama a kan roba.

Da na buɗe tawa rumfar, sai na ga ta ƙarfen ta fi araha, kuma in fenti ya hau ba mai ganewa, na koma shafa ta a kan roba. Wanda ya dawo da ƙorafi in ɗora wa hanya laifi.

Daga nan wasu suka fara kawo min motoci ba takardu, ina sauya musu kama. Na san na sata ne, na kau da kai. Cikinsu har da ta wani direba ɗan Karare, wadda wani bijimin sa ya taɓa yi wa shatin ƙaho a bamba. Na cike shatin da filata ta ha'inci, aka sayar da motar ga Malam Sani, mai makarantar Islamiyya a Safana.

Ramukan hanya suka yi aikinsu. Ranar kasuwa fila ta tsage ta faɗo, direban da ya zo cin kasuwar ya ga shatin, ya gane motarsa. Aka taru a kan Malam ana kiransa ɓarawo, 'yan sanda suka tafi da shi.

Labarin kama Malam ya iso ni har rumfata. Na faɗa wa Kawu komai. Ya ce, "Mai karantar da 'ya'yan mutane yana kulle saboda hannunka. Tashi mu tafi."

Na miƙa kaina ga 'yan sanda. Aka saki Malam, ni na yi shekara uku a gidan yari. Da na fito na je neman gafara, ya ce ya yafe. Amma na ga tabarmin makarantarsa rabi babu kowa, iyaye sun janye 'ya'yansu tun da aka kira shi ɓarawo, na yi kuka.

Yanzu duk bambar da na gyara sai na lanƙwasa ta a gaban mai ita, ya ga fila ba ta tsage ba. Samari, ku ji da kyau: ni ba da motar sata na fara ba, da gwangwanin fila na fara. Ku tsaya tun daga nan.

Gida gida nake bi a Safana ina faɗin abin da na yi, kuma ba zan daina ba sai tabarmin nan sun cika.