Ƙumar Kyanwa a Zauren Surukai

Shekarun baya, ina sabon ma'aikaci a Ƙaraye, ƙuma ta addabi kyanwar kakata. Kyanwar nan ko jikokinta ba ta so kamarta. Kullum na je gaishe ta sai ta ce, "Kai da ka yi boko, ka rasa abin da za ka yi wa baiwar Allah nan?"

Na je wajen malamin dabbobi ya ba ni wata hoda a gwangwani. Ya ce in barbaɗa mata a waje, in sa tsofaffin kaya, in na gama in yi wanka. Na ce to, amma rabin hankalina na Ruwan Bago, don ranar Asabar za ni gaida mahaifin yarinyar da nake nema, karo na farko.

Asabar ɗin na sha babbar riga ta shadda, har na tada babur, kakata ta leƙo. "Au, tafiya za ka yi ka bar ta tana susa?" Na ce ai minti biyu ne. Na ɗora kyanwa a cinya, na zazzage mata hoda, na karkaɗe riga na kama hanya.

Ashe ƙumar ba mutuwa ta yi nan take ba, gida ta sauya.

Muna zaune a zauren gidansu ni da abokina da ya raka ni, dattijon yana tambayar mutanen gida, na ji cizo a ƙugu. Na daure. Na ji wani a hammata. Na fara goga baya a bango a hankali, ina amsa "lafiya lau". Abokina ya zungure ni. Can dai na kasa, na zura hannu cikin riga na shiga susa ba kunya.

Dattijon ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Yaro, wannan ciwon, a danginku yake ko kai kaɗai ne?"

Na ga aure na shirin suɓucewa, sai na faɗi gaskiya tun daga farko. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Wanda ya ɓata shaddarsa don kyanwar tsohuwa ba zai wulaƙanta 'yata ba. Amma don Allah tashi daga kan tabarmata."

A tsaye muka ƙarasa gaisuwar, a ƙofar gida.

Tun daga ranar, in mai sani ya yi mini bayani nakan saurara har ƙarshe. Auren kuwa an yi, har da jikoki. Sai dai har surukina ya rasu, Allah ya jiƙansa, in na je gidansa, kujerar ƙarfe yake sa a fito mini da ita.