Ruwan Wankan Baba Sai-gobe

A unguwarsu ba mai kiransa da sunan yanka. Baba Sai-gobe ake ce masa, shi ma har ya saba yana amsawa. Direban tankar ruwa ne a hukumar ruwa ta gari, irin motocin nan da ake aikawa unguwannin da famfo ya ƙafe. Kowace unguwa da ranarta. In ka tare shi a hanya da bokitinka alhali ba ranarku ba ce, zai rage gudu, ya leƙo ta taga, ya gaishe ka har da tambayar iyali, sannan ya ce maka sai gobe. Goben nan kuwa tana iya zama jibi, tana iya zama gata. Daga nan sunan ya bi shi.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga furfura a gemu, ga ciwon baya da kujerar mota ta bar masa. Tun yana saurayi yake wannan aiki. Waɗanda suka fara tare da shi wasu sun gina gidaje, domin tankar da ta fito da niyyar unguwar talakawa takan yi ɓatan kai ta tsinci kanta a wurin wankin mota ko wajen masu buga bulo. Tasa ba ta taɓa ɓata hanya ba. A ofis liman suke ce masa suna dariya, amma duk ranar da manya suka zo duba aiki shi ake turawa gaba, kamar kwanon da ake ajiyewa don baƙi. Yana jin daɗin hakan kuwa, kada wani ya ce ba ya ji.

Abin da ba a faɗa a ofis shi ne, unguwarsu ma famfonta a ƙafe yake, kuma hanyar da yake bi kullum ta ƙofar gidansa ta ratsa. Ranar da ta zama tasu, matarsa kan bi layi kamar kowa, in ruwa ya ƙare kafin a zo kanta, to ya ƙare. Sauran ranaku sai ta naɗa gammo ta gangara rijiyar burtsatse da ke bayan makarantar firamare, ta hauro da jarka a ka. Matan layi ba su bar ta ta sha iska ba: ga ƙoshi ga kwanan yunwa, wai matar mai tanka da gammo. Ita kuwa sai ta yi murmushi ta ce ruwan hukuma ne. Da yara na gida su ke taya ta. Da suka girma, babbar ta yi aure, mazan suka tafi neman na kansu, sai aikin ya dawo kanta ita kaɗai. Shi dai abin da ya sani, in ya dawo da yamma zai tarar da bokitin wanka a bakin banɗaki, a cike, da ɗumi in lokacin sanyi ne. Bai taɓa tambayar ta ina ruwan ya biyo ba. Ba mugunta ba ce. Akwai mazan da ke ɗauka randa da kanta take cika, shi ma yana cikinsu.

A hutun ƙarshen shekarar nan ne tura ta kai bango. Babban injin hukuma ya lalace, rabin direbobi sun tafi hutu, masu tura kurar ruwa ma sun jingine kurayensu sun tafi ganin gida. Shi bai ɗauki hutu ba, bai ma taɓa ɗauka a irin wannan lokaci ba. A gida kuma babbar 'yarsu ta zo da jariri da ƙananan yara biyu, ga surukarsa, Inna, an kawo ta ta yi hutun tare da su. Tsohuwa ce sosai, ƙafa ta daina ɗaukarta, komai a kwance ake yi mata. Gidan da jarka biyu ke isa ya koma ko goma ba sa kai shi la'asar.

Da safe yana ɗaura takalmi matarsa ta tsaya a kansa. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan.

"Malam, yau ka tsaya a ƙofa. Duro ɗaya kawai. Inna ta ɓata shimfiɗa, ga tsumman jariri, wuyana kuma ya ƙi juyawa."

Ya ce mata yau ta mutanen bayan asibiti ce, kuma rabonsu da ganin tanka tun kafin injin ya lalace.

"Na sani. Tun da ka auro ni ban taɓa roƙonka wannan ba. Ƙanena zai zo da yamma ya ɗauki Inna, tunda ba ruwan da za a kula da ita. In ka wuce ni yau, tare za mu tafi, kuma ba hutu zan je ba."

Ya je ya ciko tanka. Tun daga kwanar layinsu ya hango ta. Ta mirgino duron har bakin titi, ta tsaya kusa da shi, kanta a karkace. Ya kuma hango abin da ya san zai gani: kowace ƙofa a layin a buɗe take kaɗan, bayan kowace ƙofa akwai bokiti yana jira. In ya kwance tiyo don duro ɗaya, ba shi da bakin da zai hana maƙwabta, mutanen bayan asibiti kuma sai dai su ga rabin tanka. Ƙafarsa ta hau birki, motar ta yi sanyi har ta kusa tsayawa. Sai ya sa giya ya wuce. Bai iya leƙowa ta taga ba. A madubi ya ga ba ta motsa ba, ta bi motar da ido kawai.

A bayan asibiti layi ya kai har kwana. Ya riƙe tiyo yana cika bokitai da bahuna, yana tsawata wa masu tsallake layi, amma hankalinsa na gida. Da ruwan ya yi ƙasa, zuciya ta raya masa ya rufe famfon haka nan ya ce ya ƙare. Wa zai leƙa cikin tanka? Sai ga wata mata a ƙarshen layi da tukunyar girki da buta, iyakar abin da take da shi ke nan na zuba ruwa. Ya bar famfon a buɗe har ya koma ɗiga.

Da ya mayar da mota bai nufi gida ba. Ya biya wurin mai gadin da masu kura suka bar wa ajiya, ya ari guda da jarkokinta, ya gangara rijiyar burtsatse. Ya bi layi cikin mata, ana ta ƙus-ƙus. Wani mai shago ya ɗaga murya yana tambaya ko tankar ce ta tsufa ta koma kura. Ya cika jarkokinsa, ya juya kurar wajen tudu.

Haurowar ce ta nuna masa abin da bai sani ba. A mota, wannan tudu giya ɗaya ce. A ƙafa kuwa sai ya ga ba shi da ƙarshe. Kurar na tura shi baya, bayansa na ci kamar wuta, tafin hannunsa ya saluɓe. Jarka ɗaya ta faɗo ta zubar da rabi. Ya tsaya ya tokare taya da dutse yana haki, ya dubi sauran tudun, ya tuna cewa duk bokitin da ya taɓa watsa wa jikinsa ta nan ya hauro, a kan mace guda. Kunya ta kama shi, irin wadda ba a jin ta sai an tsufa.

Ya tarar da motar ƙanen matarsa a ƙofa, an riga an sa jakunkuna, har da tata. An kwantar da Inna a kujerar baya, ƙofar a buɗe. Ya durƙusa ya gaishe ta. Tsohuwa ba ta dube shi ba, surukuta ta hana, sai ta juya wajen jikarta mai goyo.

"Ki gaya wa babanki mutumin kirki ne, gari duk ya shaida. Amma ya dubi wuyan 'yata. A can kirkin nasa yake zaune."

Ya duba. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa da mayafinta, in za ta kalle shi sai ta juyo da jikinta duka. Yaushe rabon da ta waiwaya kamar kowa? Ya nemi ranar a ransa bai samu ba.

"Ruwan motar nan ba nawa ba ne, ba zan iya ba ki shi ba," ya ce. "Amma bayan nan nawa ne. Tuntuni ya kamata ya ɗauka. Ki yafe mini."

Ba ta ce ta yafe ba. Ta zo ta dubi jarkokin, ta girgiza wadda ta zube, ta dubi hannunsa da ke tsatsar jini.

"Wannan na Inna ne da girki," ta ce. "Wanki fa?"

Ya sauke jarkokin ɗaya bayan ɗaya ya juye a duro, ya mayar da su a kura, ya juya ta wajen gangare. Ƙanenta ya tambaye ta ko su kama hanya kafin rana ta faɗi. Ta ce ya kashe motar tukuna, a shigar da Inna ciki a yi mata wanka. Sannan ta cire mayafi ta ninke, ta zauna a dakalin ƙofar gida, ta miƙe ƙafafu a gaban matan layi duka, tana jiran a kawo mata ruwa.